Tambayar da Aka Bari a Saman Lamba Biyar

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina. A lokacin kaka ne ta rasu, ana tsakiyar roron wake, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare a lokacin, yanzu kuwa ina aji biyu na babba. Abin da na fi tunawa a ranar ba kukan mutane ba ne. Takalminta ne na roba a bakin ƙofar ɗakin Iya, kakata, da busasshiyar laka a jikinsa. Har aka yi sadakar uku ba wanda ya iya ɗauke shi daga wurin.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ma sai malami ya sake kiran sunana kafin a ji muryata. Malamarmu ta Hausa ce ta ce min wanda bakinsa ya yi nauyi sai ya nemi alƙalami. Shi ya sa na rubuto. Ba don in yi wa Gwaggo kirari ba, domin ba ta son kirari. Na rubuto ne saboda ana jingina mata wata magana ba yadda ta faɗe ta ba, ga shi kuma kaka ta sake zagayowa, za a sake ɗaure buhuna.

Gwaggo malamar gona ce. Daga cikin garin Gaya take hawa babur ta zaga ƙauyuka, yau Balan, gobe Gafasa, jibi Toranke. In an yi hutu takan tafi da ni in riƙe mata jaka, ni kuwa abin da nake so ke nan, domin mai riƙon jaka ba a tambayarsa komai, sai dai ya yi ta kallo. Na ga yadda take ɗaukar ƙwayar wake ta cija da haƙori don ta ji ko ya bushe. Na ga yadda take shiga ɗakin mutane ta tsaya shiru, idonta na bin kusurwa, yana bin ƙarƙashin gado, kafin ta ce komai. Na kuma ga halinta ɗaya da yake ba manoma haushi: ba ta amsa tambaya sai ta fara yin tata.

A wajenmu kowa ya san ƙwayar nan ta maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhun wake don kada ya huje. Ita ce abin da aka fi tambayarta a kai. Wata rana a Toranke, a gindin wata tsamiya, wani dattijo mai shanu da ya zauna ya kama noma ya ce mata, "Malama, ƙwayar nan, guda nawa zan jefa a buhu?"

Ta ce, "Baba, ɗakin da za ka ajiye buhun, akwai mai kwana a ciki?"

Ya dubi mutane ya ce, "Ikon Allah! Ni ina tambayar wake, ita tana tambayar iyali. Ko ƙidayar jama'a aka turo ki, 'yar nan?"

Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Ta ce, "Faɗa min dai, Baba."

"Tsohuwa ce da jikoki."

"To ko rabin ƙwaya ban yarda ba. Zauna in nuna maka wata dabara."

Tun daga nan aka sa mata suna Malama Akwai-mai-kwana. Yara kan bi babur ɗinta suna kiran sunan, ita kuma ta ɗaga musu hannu. Takan ce min ƙwayar nan ba a cikin buhu take tsayawa ba, iskarta fita take yi ta cika ɗaki, mai barci kuma bai san abin da yake shaƙa ba. Takan ce aikin manyan rumbuna ce da ke nesa da gida, a hannun wanda aka koya wa. Ga mai buhu biyu ko uku kuwa, akwai buhun nan mai leda a ciki da ake ɗaure bakinsa tamau, akwai jarka mai murfi, akwai toka da barkono irin na kakanni. Ƙwaro ma numfashi yake yi, in ji ta, in ka toshe masa iska ka gama da shi.

Duk wannan ta zauna ta rubuta shi a wani shafi na intanet da ƙanin mijinta ya buɗe mata. Ba zan faɗi sunansa ba. Kawu nake kiransa, a nan ma Kawu zan ce. Shi ne gwanin kwamfuta a danginsu, kuma akwai wasa mai yawa tsakaninsa da Gwaggo, irin na ƙanin miji da matar wa. Rubutun dogo ne ƙwarai, a dunƙule, ba kan magana ko ɗaya a tsakiya. Ina zaune ina tsince wake a faranti ranar da ya gama saka shi.

Ya ce, "Matar Yaya, wannan ai tafiyar Gaya zuwa Kano ce ba tasha. Wa zai karanta? Bari in yayyanka miki shi."

Ta ce, "Auta, bar min abina. Wanda ba shi da haƙurin karantawa har ƙarshe, ba shi ya kamata ya riƙe ƙwayar ba."

"Haka za ki mutu da taurin kai."

"Ai shi ya sa yayanka ya aure ni."

Wasa ne suka yi. Amma na sha tuna wannan wasan bayan ta rasu.

Shafin ya daɗe a yadda ta bar shi. Nakan ari wayar Umma, mahaifiyata, in buɗe, ba don wake ba, don in ji muryarta. Yadda take magana haka take rubutu. Ta fara da rumbun kakarta a Balan, ta shiga shanya, ta shiga toka da barkono, ta shiga buhu mai leda da jarka. Sai da ta gama duk wannan sannan ta ce, wanda ya nace sai ƙwaya, to ya tsaya ya amsa mata tukuna: akwai mai kwana a ɗakin? Akwai yara a gidan? Katangar ɗakin ta haɗu da inda ake kwana? In amsar ɗaya daga ciki eh ce, ya rufe shafin, abin da ke ƙasa ba nasa ba ne. Bayan wannan ne ta yi bayanin ƙwayar.

Bara abubuwa biyu suka faru kusan tare. Kawu ya buɗe shagon sayar da taki da iri da maganin ƙwari. Sannan ya gyara shafin Gwaggo. Wata rana na buɗe sai na ga rubutun ya sauya kama. An raba shi sashe-sashe, kowane da lambarsa da kan maganarsa da baƙi mai kauri. A gefen kowane kan magana akwai 'yar alama kamar zoben sarƙa. In ka taɓa ta, sai ta ba ka linki na wannan sashen kaɗai. In ka tura wa mutum ya buɗe, ba a farkon rubutun zai sauka ba, kai tsaye zai faɗa kan sashen, abin da ke sama kuma ya shige bayan fuskar wayar, sai in shi ne ya ga damar jawo shi.

Gaskiya ɗaya ce, da farko abin ya burge ni. Da aka ba mu aikin gida kan shanyar amfanin gona, sashe na biyu na tura wa ƙawayena, kowa ta samu abin da take nema ba tare da ta ƙone data ba. Mahaifina ma ya yaba. Ya ce Kawu ya kyauta, ya raya aikin marigayiya. Ni ma na yi masa addu'a a zuciyata.

Sai dai idona ba ya barin ƙananan abubuwa su wuce, ko ina so ko ba na so. Abu na farko da ya tsaya min shi ne kan maganar sashe na biyar. An rubuta: "5. Hanya mafi sauri ta kashe ƙwari." Gwaggo ba ta taɓa yabon sauri ba. Ita ce mai cewa sauri ya haifi nawa. Abu na biyu shi ne inda aka sa lambar. Tambayoyinta, su akwai mai kwana, su akwai yara, an bar su a wutsiyar sashe na huɗu, wanda kansa ke magana kan buhu mai leda da jarka. Lamba biyar ta zauna daidai ƙarƙashinsu. Wato wanda aka tura wa linkin biyar zai sauka a kan amsa, tambayar kuwa tana sama da kansa, bai gan ta ba.

Na ce wa kaina kuskure ne. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, haka aka koya mana.

Da kaka ta kama sai linkin ya fara yawo a wayoyin mutane. Yana shigowa wayar Umma daga guruf ɗin mata, yana shigowa ta Baba daga na manoma. Na lura ba a taɓa turo na biyu ko na huɗu ba, kullum biyar. Rannan Umma ta aike ni shagon Kawu karɓo iri. Ina tsaye ina jira sai na ga wata takarda a manne kusa da kantar da ƙwayar take. An buga irin tambarin nan mai kusurwa huɗu da ake haskawa da waya ya buɗe shafi. A samansa an rubuta, "Shawarar marigayiya Malama Hajara." Na haska da wayar Umma. Sashe na biyar ya buɗe. Buhunan nan masu leda kuwa suna can ƙuryar shago a ƙarƙashin wasu kwalaye, ba takarda, ba tambari. A nan ne na ji a raina da walakin, goro a miya.

Duk da haka na karɓi irin na koma gida. Me zan ce? Yarinya ce ni, shi kuma babba ne, suruki ne kuma na gidanmu.

Bayan an gama shigar da amfanin gona labari ya zo daga wajen Gafasa. Wata mata mai suna Larai, wadda Gwaggo ta saba sauka a gidanta ta yi sallah, 'ya'yanta sun tashi da amai da ciwon kai, ƙaramar har ba ta iya tsayuwa. An garzaya da su asibiti, Allah ya yi da sauran kwana, duk suka tashi. Mijinta ya sa ƙwayar a buhuna, don tsoron ɓarayi kuma ya jera su a bayan gadon yaran. Ba ya karatun boko. Ɗan wansa ne ya karanta masa daga waya, daga inda linkin ya sauke shi har ƙasa.

A wani suna a Balan na ji yadda labarin ya koma. Ina zaune a bayan Iya, mata sun cika ɗaki, ana rabon goro. Wata ta ce, "Ai ba da ka suka yi ba, baiwar Allah. Rubutun Malama Hajara suka bi tiryan-tiryan."

Wata ta ce, "Kai, boko! Ita da take hana mutane da baki, ashe a waya wani abu ta rubuta."

Sai wata ta zungure ta, ta nuna Iya da ido. Iya ba ta ɗaga kai ba. Carbin hannunta kawai na ga ya tsaya, yatsanta a kan ƙwaya ɗaya, bai sake motsi ba har muka tashi.

A hanya ta ce min, "Ke mai karatu, faɗa min tsakani da Allah. Hajara ce ta rubuta abin nan?"

Na ce, "Ita ce, Iya. Amma ba daga nan ta fara ba."

"Ban gane ba. Magana ai daga farkonta ake jin ta."

Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na ce, "Iya, kin ga gidanmu? Duk mai shigowa sai ya bi ta zaure ya yi sallama, Baba ya tambaye shi wurin wa ya zo. To kamar a ce wani ya fasa katanga ta bayan gida ya sa ƙofa, mutane suna shigowa har tsakar gida ba wanda ya tambaye su."

Ta yi tafiya kaɗan sannan ta ce, "Wa ya fasa katangar?"

Na kawar da kai muka ci gaba da tafiya. Ita kuwa ba ta sake tambaya ba.

Na sha tambayar kaina, da Gwaggo tana raye me za ta ce game da lambobin nan? Ba na jin za ta ƙi su gaba ɗaya. Mace ce mai son abin da zai sauƙaƙa wa manomi, kuma ta san data tsada gare ta. Ina jin da ta ga yadda ƙawayena suka amfana da sashe na biyu, da ta saki ranta. Amma na tuna wata rana da muka tsaya wajen mahauci a kasuwa, ta nuna min hannunsa ta ce, "Dubi, ba ko'ina yake sara ba, gaɓa yake nema." Rubutu ma yana da gaɓa. Akwai inda za ka yanka kowane ɓangare ya tsaya da ƙafarsa, akwai inda in ka yanka ka raba kai da gangar jiki. Wanda ya sa lamba a rubutun wani, ya zaɓa wa mai karatu ƙofar shiga ke nan. Bai ƙara harafi ba, bai rage ba, amma shi ya yanke abin da za a fara gani da abin da ba za a gani ba. Da tana nan, ita za ta zaɓi gaɓar. Ba ta nan, sai aka zaɓa mata.

Carbin Iya da ya tsaya shi ya tura ni shagon Kawu. Bayan an tashi makaranta na je, da kayan makaranta a jikina. Na daɗe a tsaye ina murza bakin hijabina har masu sayayya suka watse.

Ya ce, "A'a, 'yar gidan Gwaggo, yau kurma ta zo kasuwa? Me aka aiko ki?"

Na ce, "Kawu, maganar shafin ce."

Fuskarsa ba ta sauya ba, amma hannunsa ya daina ƙulla ledar da yake ƙullawa. Ya ce, "Na ji abin da ya faru a Gafasa, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma ki ji da kyau, ban taɓa ko harafi ɗaya a rubutunta ba. Ki je ki duba. Gargaɗin yana nan. In mutum bai karanta ba, laifina ne? Mutanen yanzu ba su da lokaci, ba su da data. Da yadda ta bar shi, wa yake buɗewa? Ni na sa aka san da shi. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da ƙyar na miƙa masa wayar Umma na ce, "Tambayarta tana sama da lambar, Kawu."

Ya karɓa ya duba. Ya ce, "Au, wannan? Don wannan kika sha rana?" Ya jawo kwamfutarsa, ya ɗan daddanna, ya juyo min da ita. Lamba biyar ta hau sama, tambayoyin Gwaggo sun dawo ƙarƙashinta. Ya ce, "Shi ke nan, lauya? Je ki gaida Iya." Har da ba ni alewa.

Na fito ina murna, amma kafin in kai gida murnar ta fara tsami. Abin da bai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba, me ya hana a yi shi tun da labarin Gafasa ya iso? Kuma da na miƙa masa wayar, bai nemi wurin ba. Yatsansa ya tafi kai tsaye, kamar wanda ya san inda ƙaya take a ƙafarsa.

Na so in bar maganar a nan. Sai ga shi bayan 'yan makonni Umma ta sake aike ni. Takardar tana nan a jikin kanta, iri ɗaya, rubutu ɗaya. Amma salatif ɗin da aka manna ta da shi sabo ne, kuma a gefe ana ganin shatin tsohon, inda ya ɗan ɗaye fenti. Na haska. Shafin ya buɗe a kan wani sabon kan magana da ban taɓa gani ba: "5.1 Yadda ake sakawa." Tambayoyin Gwaggo suna cikin sashe na biyar kamar yadda ya gyara a gabana. Amma an sake yanka wata ƙaramar ƙofa a ƙarƙashinsu, tambarin kuma can yake kai mutum.

Na ce, "Kawu, mene ne biyar da ɗigo ɗaya?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ƙa'idar rubutun zamani ce. Duk sassan nake rarrabawa."

Na duba a hanya. Sashe na biyar ne kaɗai mai ɗigo. Washegari da na sake dubawa, sai ga na biyu da na uku su ma sun samu nasu.

Ban san abin da ke zuciyar Kawu ba, Allah ne masani. Mai yiwuwa da gaske tsari yake so. Mai yiwuwa a ganinsa gargaɗi aikin mai karatu ne ya nema. Na ga hawayensa ranar jana'izar Gwaggo, ba na ƙarya ba ne. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ni abin da idona ya gani kawai na faɗa. Da na gaya wa Baba, ya ce a bar maganar, surukuta ce, ba a tona ta a kasuwa. Iya kuwa ta ce, "Ɗauko wayar. Karanta min abin da 'yata ta rubuta, daga bisimilla."

Da la'asar ne, a tsakar gida, tana zaune a kan tabarma. Na fara daga rumbun Balan. Ban karanta lambobin ba, na tsallake kawunan maganar, na karanta shi a dunƙule yadda ta bar shi. Da na zo wurin da take cewa akwai mai kwana a ɗakin, Iya ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta share ido da gefen mayafinta ta ce, "Wannan ita ce. Gobe ki shirya, za mu Gafasa."

Iya ba ta fiya fita ba saboda ciwon gwiwa, amma ta hau mota, ta hau babur. Larai ta tarbe mu da kunya, ta rasa inda za ta sa idonta, domin ta san abin da aka yi ta faɗa. Maƙwabta suka taru. Ƙaramar yarinyar da ta fi shan wuya tana maƙale a jikin uwarta tana kallona. Iya ta ce, "Ban zo faɗa ba, Larai. Jaje na zo, na kuma kawo Hajara ta yi magana da bakinta." Ta dube ni. Ban taɓa yin magana a gaban mutane masu yawa haka ba. Na buɗe wayar na fara karantawa daga farko.

Da na kai tambayar, wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Malama Akwai-mai-kwana! Wallahi kamar tana zaune a nan."

Larai ta rufe baki da hannu. Ta ce, "Ashe ta faɗa. Inna, ashe ta faɗa, mu ne ba a kai mu wurin ba." Ta matso ta kama hannun Iya ta ce a yafe musu. Iya ta ce ba abin yafewa, wanda aka shigo da shi ta bayan gida ba a ce bai yi sallama ba.

Wannan gida ɗaya ne. Linkin kuwa ya shiga gidajen da ƙafar Iya ba za ta kai ba, kuma tambarin yana nan a manne har ranar da nake wannan rubutu. Shi ya sa da malamarmu ta ce in rubuta, Iya ta ce ta ɗauki nauyin fushin Baba.

Me ya saura na Gwaggo bayan shekara huɗu? Babur ɗin an sayar. Takalmin robar an ba da shi sadaka. Shafin yana hannun wani, zai iya yanka shi yadda ya ga dama, gobe ma ana iya samun ɗigo biyu. Na yi zaton rubutun ne gadonta, shi ya sa nake ta gadinsa. Yanzu ina ganin abin da ta bari bai kai rubutun tsawo ba. Tambaya ce guda ɗaya, wadda ta sha dariya a kanta a gindin tsamiya, har ta zame mata suna. An ce min bana a Gafasa, in mutum ya ambaci ƙwayar, Larai ce ke fara tare shi da ita.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajara, ya sa aljanna ce makomarta. Ku kuma masu karatu, musamman mutanen Gaya da Ajingi, ga roƙona. In aka turo muku linki ya sauke ku a tsakiyar magana, ta wake ce ko ta wani abu dabam, kada ku fara daga inda aka ajiye ku. Ku sa yatsa ku koma sama kaɗan, ku ga abin da aka tsallakar da ku. In na Gwaggo ne, za ku same ta a nan saman lambar, a tsaye a bakin zaure, ba za ta ce muku komai ba sai kun faɗa mata ko akwai mai kwana a ɗakin.